Harajin Manya

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Na dawo daga kasuwar Ɗanbatta da buhunan da zan zuba gyaɗa, na tarar da Sammani a dakalin ƙofar gidana. Ko ruwa bai bari na sha ba. Wai akwai wani yaro a Kano mai suna Jamil, dogo ne har sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗaki, ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando ta watse yana neman inda zai buga. Sammani yana so mu kawo shi garinmu Kwarin Gamji kafin a buɗe gasa bayan kaka.

Na ce masa tun yaushe nake faɗa. Kowace shekara sai mun kusa kaiwa wasan ƙarshe a mayar da mu gida, duk don ba mu da dogo a ƙarƙashin kwando. Ni da Sammani muka kafa ƙungiyar nan tun muna jefa ƙwallo a bakin tsohon bokiti da muka ɗaure a jikin darbejiya, gari yana mana dariya. Yanzu shi ne koci, ni kyaftin, ƙanwarsa Lauratu kuma tana ɗakina. Idan akwai wanda ya san abin da kofin nan yake a raina, shi ne.

Matsalar ita ce harajin manya. Kwamitin gasa ya yanke iyakar abin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a kakar wasa. Wadda ta haura, duk abin da ta haura da shi sai ta biya ninkinsa, a raba wa ƙananan ƙungiyoyi. Mu kuma dab muke da iyakar.

Ya ce jibi mu zauna mu duba.

Talata, 30 ga Satumba, da hantsi

Mun zauna a gindin mangwaron gidansu. Hanya uku ce. Ko Alhaji Kamaruddeen, mai sayen gyaɗa, wanda ya zuba mana simintin fili kuma yake biyan alawus, ya yarda ya ɗauki harajin. Ko a rage wa kowa. Ko a sallami wani.

Sammani ya ce Alhaji ba zai biya ba, ya riga ya taɓa masa maganar. Wai abin da ke ci masa rai shi ne ya fitar da kuɗinsa a ba 'yan Kunci da 'yan Bagwai su sayi takalma su zo su doke mu. Na fahimce shi. Rage wa kowa kuwa ban yarda ba, yaran nan da alawus ɗin suke sayen taki. Sallama ma ban yarda ba, duk mu muka rene su.

Na ce, "A raba nawa biyu. Ni ne mai mafi tsoka. A ɗauki rabi a haɗa da abin da ya rage ƙarƙashin iyaka, a lallaɓi yaron."

Ya daɗe yana tsinke ganye. Ya ce, "Mumini, kana da iyali."

Na ce gona tana ciyar da mu.

Ya ce, "Bari mu gani."

Na tashi da ƙyar. Zaman ne ya yi tsawo, gwiwar ta yi tsami.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan magariba

Na je Kano na dawo. Sammani ya ce yana da shinge da zai gyara, ni in je, wai bakina ya fi nasa daɗi.

Yaron ya fi yadda aka faɗa. Shiru-shiru ne, yana durƙusawa ya gaida mutum, da ya durƙusa ma kansa ya kusa kafaɗata. Mahaifiyarsa ce ta ƙi. Ta ce ƙauye, wa zai kula da shi, ina zai kwana, me zai ci. Na ce, "Hajiya, shagon ƙofar gidana babu kowa. Abin da 'ya'yana suka ci shi zai ci. Amanarsa a wuyana." Ta kalle ni ta kalle ni, sannan ta ce Allah ya sa albarka.

Ban yi maganar kuɗi da shi ba, ya ce koci ya riga ya kira shi sun gama. Na yi mamaki kaɗan, amma na ji daɗi. Ashe rabin nawa ya isa.

A mota duk hanya ina tsara yadda zan riƙa ɗaga masa ƙwallo. Har na yi dariya ni kaɗai, wata tsohuwa ta matsa.

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan azahar

Mun fara cirar gyaɗa. Ta yi 'ya'ya, alhamdu lillahi. Lauratu ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafa. Ba komai ba ne, durƙuson gona ne.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan magariba

Jamil ya iso. Rabin gari ya fito fili kallo, har masu tallan gyaɗa suka ajiye faranti. Da ya kama bakin kwando da hannu biyu ya lilo, wani dattijo ya ce a sauko da shi kada ya karya mana ƙarfe.

Na ɗaga masa sau biyu, duka ya zura. A na uku Sammani ya busa usur ya ce in huta, yana so ya ga yadda yaron zai yi da ƙananan. Na zauna a benci. Sun yi kyau.

Lauratu ta yi tuwon gero da miyar kuka, Jamil ya cinye ya nemi ƙari. Ta ba shi. Ita ba ta ci ba, ta ce kanta na ciwo.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Ba zan rubuta abin da aka yi yau ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Ban je fili ba. Gyaɗa tana jira.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Gwamma in rubuta, tunda ya ƙi barin kaina.

An kawo sababbin riguna ranar Laraba. Kowa ya tsaya a layi, ga mutane a gefen fili. Sammani yana ɗagowa ɗaya-ɗaya yana kiran suna, ana tafi. Ni ina gefensa ina miƙa masa daga cikin buhu. Ni ne nake miƙawa. Da hannuna ya taɓa ƙasan buhun sai na leƙa, na zazzage shi, babu tawa, na ce tela ya manta ɗaya.

Yaran duk suka sunkuyar da kai, a nan na gane sun sani.

Ya ja ni gefe, ba da nisa ba, ana jin mu. Ya ce, "Haraji ne, Mumini. Rabin naka bai isa ba. Na juya ta ko'ina."

Na ce tun yaushe.

Ya ce, "Za mu yi magana."

Na ninke buhun na miƙa masa. Ban san dalilin da ya sa na ninke shi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Haraji ne, in ji shi.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan azahar

Ban je kasuwa ba. Na san za a tambaye ni a kowace rumfa.

Ina tsinkar gyaɗa ina sake lissafin a kaina. Idan rabin nawa bai isa ba, me ya hana a ce in bar kashi biyu cikin uku? Me ya hana a ce in buga kyauta? Da na buga. Shekarun farko wa ya biya mu? Kuma in dai sallama ce dole, ai akwai waɗanda ba sa shiga fili sai an kusa tashi. Ba na so a sallame su, Allah ya sani. Amma a zauna da ni a gaya mini, in zaɓa da bakina.

Na juya ta ko'ina, in ji shi. Da wa ya juya ta?

Talata, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Jamil ya same ni a zaure da jakarsa a hannu. Ya durƙusa. Ya ce, "Kyaftin, wallahi ban san haka abin yake ba. Koci ya ce mini kai ka ce za ka ajiye wasa, gurbinka zan shiga. Da ka zo gidanmu na ɗauka abin da ya kawo ka ke nan."

Na ce yaushe ya faɗa maka haka.

Ya ce tun kafin in zo Kano. Tun ranar Asabar da ya fara kiransa.

Asabar. Kafin ya zauna a dakalina. Kafin gindin mangwaro, da tsinkar ganye, da kana da iyali.

Yaron ya ce zai koma gida ko ya nemi wani wurin kwana. Na ce ya mayar da jakarsa. Ni na yi wa mahaifiyarsa alkawari, ba wani ba. Na ce kuma ya daina ce mini kyaftin.

Ya ce to, Yaya.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Da kuɗin motata na je na ɗauko shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Daga tsakar gida ana jin bugun ƙwallo a siminti. Ban taɓa sanin ana ji ba, don kullum ina can. 'Yata Ramlat ta tambaye ni ko an kore ni ne, wai haka yara suka ce a makaranta. Uwarta ta daka mata tsawa. Na ce ta bar ta, yarinya ce.

Sammani ya aiko da kankana. Na ce a ba yara.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan magariba

Na kai gyaɗa rumfar Alhaji Kamaruddeen a Ɗanbatta. Na so in ajiye wa yaransa in tafi, sai ya hango ni ya sa aka shimfiɗa mini darduma.

Ya ce, "Abdulmumin, ka ba ni kunya. Mutum ya ajiye wasa ba zai zo ya yi mini sallama ba?"

Na ce, Alhaji, ai haraji ne ya ajiye ni.

Ya cire tabarau. Ya ce wane haraji. Ya ce shi da bakinsa ya gaya wa Sammani a kawo yaron Kano a bar kowa a wurinsa, zai biya abin da kwamiti ya ce, tunda gyaɗa ta yi kyau bana. "Na ce masa ko ninki uku ne, ba na son a taɓa kyaftin. Ya ce kai ka roƙa a bar ka ka huta."

Ban san abin da fuskata ta yi ba. Ya ce innalillahi a hankali. Ya ce zai kira shi yanzu, zai sa a mayar da ni, shi ke biya. Na ce kada ya kira. Na ce wataƙila ni ne ban fahimta ba. Ya san ba haka ba ne.

Na hau babur na taho. Sai da na wuce kwanar garinmu na lura.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Ba haraji ba ne.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Ba haraji ba ne, ba Alhaji ba ne, ba kwamiti ba ne.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Na tambaye ta. Tana tankaɗe, na tsaya a kanta na ce, Lauratu, kin sani?

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya Sammani ya zo ranar da ka tafi Kano."

Na ce kuma kika yi shiru. Kika dafa wa yaron tuwo. Kika wanke mini takalmin wasa ranar Laraba.

Ta ce, "Ya rantsar da ni, ya ce shi zai faɗa maka da kansa. Kullum ina jira." Ta ajiye rariyar. "Baban Ramlat, ni nake gasa maka ƙafar nan. Ni nake jin ka idan za ka tashi da asuba. Me kake so in ce?"

Na ce ƙafata lafiyarta ƙalau.

Ta kalle ni, ta koma tankaɗenta. Hawaye yana sauka a cikin garin, ba ta share ba.

Na ci abinci a zaure.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da hantsi

Ni da Lauratu ba mu yi magana ba, sai ina kwana da ga ruwan wanka. Ta dafa ruwan gashi jiya, na bar shi ya huce.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Sammani ya zo gona. Ina ɗaure harawa na ga inuwarsa. Ya yi sallama na amsa, don sallama ce. Ya kama ɗaya gefen igiyar kamar yadda muka saba, na sake ta.

Ya ce Alhaji ya kira shi.

Na ce to.

Ya ce, "Ka zage ni, Mumini. Ka yi wani abu."

Na ce tambaya ɗaya gare ni. Me na yi maka?

Ya zauna a kan kunya. Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Ƙafarka ta gama. Bara a Bagwai kowa ya gani, ɗan yaro yana wuce ka kana bin sa da ido. Bayan wasa ni na riƙe ka har mota, ka ce ƙaya ka taka. Idan na bar ka cikin ƙungiya ba za ka zauna a benci ba, na san ka. Za ka ɗaure ta ka shiga, ni kuma ba zan iya hana ka ba, ban taɓa iyawa ba. Wata rana a ɗauko ka kwance a kan ƙyauren ƙofa. Me zan ce wa Lauratu?"

Na ce shi ya sa ka ce wa Alhaji na roƙa. Ka ce wa yaro na ajiye. Ka rantsar da matata. Ka zaunar da ni ina yanka alawus ɗina kana kallo. Ka tura ni Kano.

Ya ce, "Na yi ta ɗaukar maganar in kawo maka, in na ga fuskarka sai in kasa. Da maganar haraji ta zo sai na ɓuya a bayanta. Na ɗauka za ka fi iya haɗiye kuɗi a kan ƙafa."

Na ce ranar riguna fa. A gaban gari.



Sai ya ce akwai wurin mataimakin koci, ba ya shiga lissafin kwamiti, Alhaji ya yarda. Na ce ashe wannan ma ka lissafa.

Ya daɗe zaune. Da ya ga na koma kan harawa, ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya tafi. Bai bi ta hanya ba, ya ratsa ta cikin karan gero.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da safe

Da a ce tun farko ya zo ya ce, Mumini, ƙafarka. Da mun yi faɗa, in ƙi gaishe shi mako guda, in huce. Haka muke tun muna yara. Bai ba ni faɗan ba.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan magariba

An buɗe gasa. 'Yan Kunci suka zo. Na tafi gona mai nisa, ta bakin rafi, duk da babu abin yi a can. Har can ihun ya same ni.

Mun ci. Yaran Sammani sun ci, nake nufi.

Jamil ya shigo zaure da gumi bai yi wanka ba, ya ce, "Yaya, ana rufe ni ta hagu, na rasa yadda zan juya." Na yi niyyar cewa ya tambayi kocinsa. Sai na ga na tashi ina nuna masa inda zai dasa ƙafa. Na nuna da baki da hannu. Ban juya ba.

Na bar Lauratu ta gasa mini ƙafa yau.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Na makara zuwa masallaci, na shiga sahun waje. Da aka tayar da salla mutane suka matso, sai na ji kafaɗar da na sani. Ban duba ba.

A raka'a ta biyu, da zan sauka sujada, gwiwar ta ƙi. Ta ƙi ƙememe, kamar an zuba mata garwashi. Na zauna na miƙe ta gaba, na ƙarasa sallar a zaune kamar tsoho, a gaban yaran da na koya wa riƙe ƙwallo. Duk sun gani.

Aka yi sallama. Mutane suka fara tashi. Sammani ya miƙe tsaye, ya tsaya a kaina, ya miƙo mini hannu.

Gaskiya ya faɗa a gona. Na sani tun bara. Na kalli hannun, na ɗauko carbi.

Ya daɗe a tsaye hannun a miƙe, har wani ya ce masa Koci, a ba mu hanya. Sannan ya saukar, ya nemi takalminsa.

Na jira sai da harabar ta watse. Na ja jiki zuwa bango, na dafa shi na tashi.